Tarihin Binciken Gigin Tsufa a Nijeriya da Yadda Ya Shafi Tsofaffin Ƙasar Mairuwa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin ƙoƙarin da masana suka yi na gane ciwon nan da Hausawa ke kira gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa, tun bai yi nisa ba, da kuma abubuwan da suka gano suna share masa hanya. Mun zaɓi mu auna wannan tarihi da ƙasar Mairuwa, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Faskari a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, tare da maƙwabtanta na Ƙanƙara da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina. Abin da muke so mu nuna wa mahalarta wannan taro shi ne, duk sa'ad da aka sake ma'aunin da ake gwada tsofaffi da shi a Nijeriya, adadin masu ciwon ya kan sake, kuma ma'aunin da ya yi aiki ya dogara ne a kan harshe da tarihin gari da mutanen gida. Waɗannan kuwa fagen malaman harshe ne da na tarihi, watau fagenmu.

Ya kamata tun farko mu raba ciwon da mantuwa irin ta kowa. Wanda ya manta inda ya ajiye carbinsa, sa'an nan ya tuna, lafiyarsa lau. Gigin tsufa ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har ya hana mutum gudanar da al'amuransa: ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar cikin zama guda, ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana zuwa, daga baya ya kasa shaida 'ya'yan cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa a ƙasashe marasa ƙarfi ko masu matsakaicin ƙarfi suke.

Yadda Bahaushe ya ɗauki al'amarin

Kalmar da Bahaushe ya zaɓa ta riga ta yanke hukunci. Da ya ce gigin tsufa, ya jingina abin ga shekaru, kamar furfura da faɗuwar haƙori, don haka ba ya ganin dalilin kai mutum asibiti. A kan ce "ya koma yaro", a ɗauke masa noma da kasuwa, a sa jika ya riƙa yi masa jagora. Malamai kuma su kan kafa hujja da aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji, inda aka ambaci matakin rayuwa da sani ke suɓuce wa mutum bayan ya mallake shi. Wannan fahimta ta kare tsoho daga a kira shi mahaukaci, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai kariyar ba ta kan game kowa ba. Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji a gida, idan ta fara fita cikin dare tana sambatu, ba wuya a ce iska ce ko sammu, wani lokaci ma a jefe ta da maita.

Abin sha'awa shi ne makarantun zaure sun daɗe da nasu jerin abubuwan da ke kawo mantuwa. Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, yana da babi sukutum a kan abin da ke ƙarfafa hadda da abin da ke raunana ta. Ya yaba asuwaki da zuma da lubban da zabibi, ya zargi yawan saɓo da damuwar duniya, har da karanta rubutun da ke kan kaburbura. Amma ɗalibi yake yi wa magana, ba tsoho ba. Duk da haka, tunanin cewa mantuwa tana da sanadi, kuma ana iya kauce mata, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Daga Jamus zuwa gidan yarin En'e

A 1901 aka kawo wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus, inda likita Alois Alzheimer ya duba ta. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya sami wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunansa. Yau an san cutar Alzheimer ita ce kan gaba cikin masu haddasa gigin tsufa, sai wanda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa.

Wannan ilmi bai biyo Turawan mulki zuwa ƙasarmu ba. Dokar mahaukata ta 1916 tsare mutum ta sa a gaba, a Arewa kuwa galibi a wani sashe na gidan yarin En'e ake ajiye wanda ya addabi jama'a. Tsohon da ya ruɗe a cikin gidansa bai addabi kowa ba, don haka bai shiga lissafin Gwamnati ba. Daɗin daɗawa, likitocin zamanin irin su J. C. Carothers sun zo da ra'ayin wariya, har ya kai ga kwatanta tunanin ɗan Afirka da na Baturen da aka yi wa aiki a gaban ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan ra'ayi ba zai tsaya auna raguwar basirar da tun asali bai yarda akwai ta ba. T. Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta a 1954, yana cikin waɗanda suka rushe wannan ra'ayi. Ita kuwa dokar, wadda aka sabunta a 1958, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta.

Bincike na zamani ya taɓa zuwa dab da Mairuwa. Cikin shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool sun gudanar da babban aiki a ƙasar Malumfashi, suka ƙidaya mutane gida-gida, suka yi nazarin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji da yawan haihuwa da mutuwa. Cututtukan da ke kashe yara da majiya ƙarfi su ne suka ɗauke hankalinsu, kuma ba mu ga laifinsu ba, tun da a lokacin matsakaicin tsawon ran ɗan Nijeriya bai kai shekara 50 ba.

Ibadan: daga "babu" zuwa "akwai"

Tarihin ainihi ya faro ne daga Asibitin Koyarwa na Ibadan. A 1992 Adesola Ogunniyi da Benjamin Osuntokun da abokan aikinsu suka buga sakamakon gwajin mutum 932 masu shekara 40 zuwa sama a cikin birnin, suka ce ba su sami ko mutum ɗaya da ya cika sharuɗɗan ciwon ba. Har aka fara zaton ko cutar Alzheimer ba ta kama baƙar fatar Afirka. Masanan ba su tsaya a nan ba. A wannan shekara suka haɗa gwiwa da Hugh Hendrie da Kathleen Hall na Jami'ar Indiana a Amurka, aka tsara a gwada Yarabawa 2,494 na unguwar Idikan da baƙaƙen fatar Amurka 2,212 na birnin Indianapolis, dukansu masu shekara 65 zuwa sama, da ma'auni iri ɗaya.

A nan ne batun ma'auni ya taso. Gwajin da likitoci suka fi sani a duniya shi ne wanda Folstein ya fito da shi a 1975, mai maki 30. Cikinsa a kan ce mutum ya riƙa ɗebe 7 daga 100 yana komawa baya, ya karanta umurni a takarda, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane da fensir. To, mu ɗauka an kai wannan gwaji ga wata tsohuwa a Mairuwa wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba, amma tana riƙe da lissafin adashin mata ashirin a ka. Za ta fāɗi, a rubuta ta cikin masu ciwo, alhali kuwa gwajin ne ya fāɗi. Saboda haka aka yi amfani da wani gwaji da ake taƙaita sunansa da CSI-D, wanda aka fara jarraba shi a kan ƙabilar Cree ta ƙasar Kanada. Kashi biyu ne. Na farko tambayoyi ne ga tsohon kansa: ya faɗi sunan gwiwar hannu, ya bayyana mece ce gada, me ake yi da guduma, ina kasuwa take, wane ne shugaban gari, ya lissafa dabbobi iyakar iyawarsa cikin minti ɗaya. Na biyu hira ce da wani na gida wanda ya san yadda tsohon yake a da da yadda ya koma. Wanda ya gaza, sai likitoci su duba shi sosai kafin a yanke hukunci. Daga baya, a 2005, Olusegun Baiyewu da abokansa suka buga gwajin da ya maye gurbin zane da fensir: a jera tsinken ashana huɗu su ba da wata siffa, a ce tsoho ya jera irinta, har da inda kawunan ashanar suka fuskanta.

Sakamakon da ya fito a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin ɗari na tsofaffin Idikan suna da gigin tsufa, na Indianapolis kuwa kashi 8.24. Da aka bi su shekara biyar, rahoton 2001 ya nuna ciwon na kama kashi 1.35 cikin ɗari a kowace shekara a Ibadan, da kashi 3.24 a Indianapolis. Ashe dai akwai shi, sai dai bai kai na Amurka ba. Masanan sun karkata ga cewa bambancin abinci da ƙarancin kitse a jini da ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini a wajen Yarabawan suna da hannu a ciki.

Wani darasin ya zo ta wajen gado. A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa wata ƙwayar gado da ake kira APOE4 tana ƙara haɗarin cutar Alzheimer ƙwarai. Da aka duba Yarabawa a 1995, ba a ga wannan alaƙa ba. Sai a 2014, bayan an tara mutane da yawa an bi su shekaru, aka ga alaƙar tana nan amma da rauni, ta fi bayyana ga wanda ya gaji ƙwayar ta wajen uwa da uba duka. Idan abin da aka tabbatar a kan Bature bai zauna daidai a kan Bayarabe ba, ba mu da hujjar ɗauka cewa na Bayarabe zai zauna daidai a kan Bahaushe ko Bafulatanin Faskari.

Jos da Zariya

A 2006 aka buga rahotanni biyu da suka dagula lissafi. Oye Gureje da abokansa, waɗanda suka gwada tsofaffi fiye da 2,000 a jihohi takwas masu jin Yarabanci ta hanyar karanta musu kalmomi goma a ce su tuno su bayan ɗan lokaci, sun sami kashi 10.1 cikin ɗari. Ochayi da Thacher kuma, a Jos, sun gwada mutum 280 da CSI-D suka sami kashi 6.4, suka lura ciwon ya fi yawa ga mata da waɗanda suka fi tsufa da ramammu. Mu lura da kyau: Yarabawan da aka ce kashi 2 ne, su ne kuma aka ce kashi 10, shekara goma sha ɗaya tsakani. Ba annoba ce ta auku ba. Ma'auni ne ya sake, aka kuma fita daga birni aka shiga ƙauye.

Binciken da ya fi kusa da Mairuwa, a nisa da kuma al'ada, shi ne na Zariya, wanda A. J. Yusuf da Baiyewu da T. L. Sheikh da A. U. Shehu suka buga a 2011. Sun gwada tsofaffi 322 a gidajensu da CSI-D da gwajin ashana da wasu ma'aunai, suka sami kashi 2.79 cikin ɗari, watau mutum 9, kuma 6 daga cikinsu cutar Alzheimer ce. Yawan shekaru shi kaɗai suka ga yana da alaƙa da ciwon. Aiki ne na share fage da ya cancanci yabo, amma mutum 9 ba su isa a gina hukunci a kansu game da abin da ke jawo ciwo ba, kuma Zariya birni ne mai asibitin koyarwa a Shika.

Abubuwan da ke share wa ciwon hanya

Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa abubuwa 9 a 2017, ya kai su 12 a 2020, sa'an nan 14 a 2024, ya ce da za a kawar da su da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon. Cikinsu akwai ƙarancin ilmi tun ƙuruciya, da kurumta, da raunin gani, da hawan jini, da ciwon sukari, da ƙiba, da taba, da giya, da buguwa a kai, da baƙin ciki mai tsanani, da kaɗaici, da gurɓatacciyar iska. Ba duka ne ke da nauyi ɗaya a ƙasarmu ba. Ƙiba da giya ba su ne damuwar tsohuwar Sabuwa ba. Hayaƙin murhun da ta sha shekara hamsin a madafi ya fi kusa da ita.

Hawan jini shi ne wanda aka tabbatar a gida, domin rahoton Ogunniyi na 2011 ya nuna yana ƙara haɗarin ciwon a tsakanin tsofaffin Ibadan, ga shi kuwa ana gane shi cikin minti biyu, maganinsa kuma yana cikin mafi araha. Haka ido: binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya sami kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido, wadda aiki ɗaya ke cire ta, ita ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar. Tsohon da ba ya gani ba ya ji, ya kan daina zuwa majalisa, hira ta wuce shi, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi. Gwajin jinin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2025 don gano alamun cutar Alzheimer ci gaba ne babba, amma awon jini da aikin yana su ne ke iya isa Mairuwa da wuri.

Batun ilmi ya fi shafarmu. Wanda ya cika shekara 65 a 2025 an haife shi a 1960, yana da shekara 16 sa'ad da aka fara shirin ilmin firamare kyauta na 1976, don haka shirin ya wuce shi. Idan aka cika takardar bincike, za a rubuta masa "bai yi makaranta ba", domin shekarun boko ake ƙirgawa. Amma cikin waɗannan mutane akwai alarammomin da suka haddace izu sittin suka rubuta da ka, da matan da suka sauke a makarantar allo, da masu karanta ajami. Tara su wuri ɗaya da wanda bai taɓa karatu kowane iri ba kuskure ne da ke ɓata lissafi tun daga tushe. Wajibi ne takardar ta tambayi izu nawa, littafi nawa, ajami ko boko.

Harshe, gida da shekaru

Fassara gwaji zuwa Hausa ta wuce musanya kalmomi. Idan aka tambayi manomi wane wata ake ciki, ya ce Rajab ko watan Azumin Tsofaffi, ya amsa daidai, ko da takardar na jiran ya ce Janairu. Idan aka tambaye shi yanayi, yana da bazara da damina da kaka da hunturu da rani. Alamomin farko ma da na gida ke lura da su nasu ne: rikicewa a yawan raka'o'i, maimaita alwala, zuba gishiri sau biyu a miya, kasa ba da canji a kasuwa. Tun da an riga an ɗauke wa tsoho yawancin ayyukansa, waɗannan ƙananan abubuwa su ne kaɗai wurin da gazawa ke fara nunawa.

Sai kuma wa za a tambaya. Kashi na biyu na CSI-D yana buƙatar na gida ya fayyace gazawar tsoho ga baƙo. Ɗan fari ba zai yi haka a kan mahaifinsa ba, matar ɗa kuwa, wadda ta fi kowa sanin halin da surukarta ke ciki, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki a gabanta ba. Jika, mai wasa da kaka, ya fi kowa 'yancin faɗin gaskiya, sai dai bai san yadda take shekara ashirin da suka wuce ba. A ganinmu sai an ji daga mutum biyu, kowa shi kaɗai, mace kuma ta tambayi mace.

Duk wannan tsari ya ɗauka cewa tsoho na zaune a garinsu cikin danginsa. Wannan sharaɗi ya raunana a ƙasar da muke magana a kanta. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020 shi duniya ta ji, amma hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mutane suka kwarara Funtuwa da sauran garuruwa. A Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku. Tsohon da aka kwaso daga ƙauyensu aka ajiye a ɗakin haya, idan ya kasa faɗin inda kasuwa take ko sunan mai unguwa, me aka auna? Firgita da baƙin ciki da yunwa da zazzaɓi duk suna kawo ruɗewa mai kama da gigin tsufa, kuma su ana warkewa daga gare su. Wanda aka yi wa kuɗin goro aka ce tsufa ne, an hana shi maganin da zai tashe shi. Binciken Gureje na 2011 kuma ya sa zaman ƙauye da yankewa daga jama'a cikin abubuwan da ke gabatar ciwon na ainihi, ga shi gudun hijira ya raba tsofaffi da abokan hirarsu na zaure da masallaci.

Saura shekaru. Kowane bincike da muka ambata ya nuna yawan shekaru shi ne babban haɗari, amma tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. A Ibadan an warware wannan da aikin masana tarihi: jerin muhimman aukuwa da J. F. Ade Ajayi da Adenola Igun suka tsara don ƙidayar 1963, wanda Ogunniyi da Osuntokun suka jarraba ingancinsa a 1993. A kan tambayi mutum ko ya yi wayo lokacin abu kaza, ko ta yi aure, ko ta haifi na fari. Jerin kudancin Katsina dole ya zama nasa. Zai ƙunshi yunwar 'Yar Gusau ta 1942, da rasuwar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da naɗin Usman Nagogo a 1944, da zuwan Sarauniya a 1956, da kisan Sardauna a Janairun 1966, da komawa tuƙi a hannun dama a 1972, da fitowar naira da farin 1973, da zuwan aikin gona na Bankin Duniya a Funtuwa a tsakiyar shekarun 1970. Waɗannan na kowa ne. Mace da ta yi rayuwarta cikin kulle ta fi tuna naɗin dagacinsu, da shekarar da aka gina dam ɗin Mairuwa, da shekarar ƙyanda ko gobarar kasuwa, kuma irin waɗannan sai a bakin dattawan kowane gari za a same su, a gwama da kundin hakimi da na makarantar firamare mafi daɗewa a yankin. Ɗaliban sashen Hausa da na tarihi a kwalejojin ilmi, waɗanda da yawansu 'yan waɗannan garuruwa ne, suna iya tattara su a matsayin aikin kammala karatu, a fara da dattawan da suka yi hijira zuwa Funtuwa, tun da su ana iya kai musu ba tare da an shiga daji ba.